Kaburbura Biyu a Gefen Cocin Nakoret

Zuwa ga jikana Losike,

Ina gaishe ka cikin sunan Yesu, gaisuwar kakar da ta daɗe ba ta shafa kanka ba. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Asinyen da jaririyar da ban gani ba tukuna. Ubangiji ya tsare ku daga sanyin Eldoret da aka ce har ƙashi yake shiga. Mu dai ga mu nan. Ƙafafuna sun kumbura, idona na hagu ya zama ado kawai. Ruwa bai sauka ba, mata sai sun haƙa yashin kogi ya shanye tsayinsu kafin su ga laima. Kawunka Ebenyo ya kora raƙuma wajen duwatsu. Malamar asibiti ce ke rubuta maka, na ce mata kada ta gyara min baki.

Saƙonka ya iso. Wai ka gama makarantar Littafi Mai Tsarki, ka roƙa a turo ka nan Nakoret ka tada cocin kakanka, kuma kada in yarda a cire kwanon rufin. To, dattawan ikilisiya sun riga sun zo daga Lodwar. Sun ce ba za su taɓa kwano ba sai da bakina, in na yarda za su kai shi bakin titi inda masu bi ke sujada cikin rana. Kafin ka ji abin da na ce musu, zauna ka ji abin da ba a gaya maka ba, don uwarka Akiru mai daɗin kawai take zaɓa in tana ba da labarin ubanta.

Kakanka Ewoi ɗan nan ne, amma yunwar da ta kashe iyayensa ta kai shi hannun 'yan mishan a Kitale, ya dawo mana da wando da Littafi. Tsofaffi Ɗan Masara suke ce masa, wai da masara aka rene shi a can, ko akuya bai iya tatsa ba. A gindin bagaruwa muka fara sujada. Ya rataye tsohon ƙarfen ƙafar mota, in ya buga mutane su zo kallo. Maza su zauna nesa suna tauna taba, su ce, kai Ɗan Masara, Allahn nan naka yana da raƙuma kuwa? Ya ce duk na duniya nasa ne, su ce to ya ara mana mai nono mana. Shekaru muka yi a haka. Sai tsoho Lomuria ya ba da gaskiya, mutumin da in yana magana a inuwar maza ko tari ba a yi. Ranar baftismarsa ya fito daga ruwa yana mita, wai an wanke shi ba a ba shi man shafawa ba. Bayansa gidaje suka biyo. Muka buga bulo, mu mata muka ɗebo ruwan da kanmu, mota ta kawo kwano. Ranar Lahadi in aka ɗauki waƙa ana tsalle, duwatsun wuyan mata kaɗai sun ishe mu ganga.

Sai Lomuria ya rasu. Ka san yadda muke yi. A binne maigida a garkensa, a ja ƙaya a rufe, a ɗora kaya a kan jakuna a tashi. Wurin ya zama nasa. Amma kakanka ya ga yadda ake yi a Kitale, inda manyan ikilisiya ke kwance a gefen coci da gicciye a kansu, ya ce mutumin farko da ya ba da gaskiya ya cancanci wannan girma. Na ce masa, baban Akiru, in ka kwantar da shi nan ka ba shi gidan ne fa. Ya ce wannan tsoro ne, Yesu ya ci mutuwa, dole mutanenmu su koya. 'Ya'yan Lomuria ba su yi musu ba, kunyar malami suka ji. Da hannunsu suka haƙa. Lahadi ta zo kakanka ya buga ƙarfe, mutane sun fito kuwa, amma suka tsaya can bakin kogi. Matar marigayin ta ce masa, malam, ba fushi muke ba, amma a ina ka taɓa ganin an shiga ɗakin tsoho yana kwance ana masa tsalle a ka? Kafin ciyawa ta bushe gidajen sun tashi.

Ya bi su, Losike. Da ƙafa ya bi su har takalminsa ya cinye. Suna karɓarsa, su ba shi madara, su sunkuyar da kai in yana addu'a. In ya ce su dawo sai su ce, malam, ka gaishe mana da Lomuria. Na ce mu bar ginin mu koma gindin bishiya inda suke. Ya ce in ya bari, ya yarda ke nan kabari ya fi Yesu ƙarfi. Kowace Lahadi ya buga ƙarfe, ya hau ya yi wa'azi, ni kaɗai a benci, yana ce min 'yan'uwa. Wata rana ina shara na ji shi yana tambayar Allah ko kiran nan da ya ji nasa ne, ko na wani ne ya tsinta a hanya. Ban ji an amsa masa ba. Da ciwo ya kwantar da shi ya ce a sa shi kusa da Lomuria, tunda shi ya ajiye tsohon a nan kada ya bar shi shi kaɗai. Yanzu su biyu ne. Yaran yanzu ba su ma san cewa coci ne ba, Gidan Tsofaffi suke ce masa. Makiyayi ya gwammace ya zaga ta cikin ƙaya. Jemagu ne ke sujada a ciki.

Na ce wa dattawa su cire kwanon. Ka ji haushina in ka ga dama, na saba. Kai ma Ɗan Masara ne yanzu, kuma ba na so matarka ta tsufa a benci ita kaɗai kana ce mata 'yan'uwa. Ban ce Allah ya bar mutanenmu ba. Ni dai na daina ganin hanyar. In ka ƙi ji, don taurin kan kakanka ka gado, to kada ka zo da siminti, ka zo da jaki ka bi mutane inda suke.

Ka gaida uwarka, ka gaida Asinyen, ka gaida ƙanenka Erupe ka ce masa ban mutu ba da zai daina aike. Ka shafa min kan jaririya.

Ebenyo zai zo ya ɗauke ni in ruwa ya sauka. Ƙarfen yana nan a bishiya, hannuna ba ya iya buga shi yanzu. Na so in kwanta kusa da mijina, Allah ya sani. Amma na gaya wa Ebenyo, kai ma ina gaya maka: inda mutuwa ta same ni ku binne ni a nan, nesa da duk inda ake addu'a, ku ja ƙaya ku tashi. Biyu sun isa.

Ni ce kakarka,
Napeyok matar Ewoi