Jar Mota da Farar Mota

Al-Khalidiyya, Madina

Yaya Usama,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zafin Yanbu? Tunda waya ba ta samunka, ga takarda.

Mantuwar Baba ta ƙaru. Jiya ya kira ni da sunan Umma, Allah ya jiƙanta. Abu ɗaya ne bai manta ba: kaset ɗin nan na gasar tseren motoci da ya ɗauka daga talabijin muna yara. Motoci biyu a miƙaƙƙen layi, tayoyi na hayaƙi, shi ya zaɓi ja, kai fara. Ka tuna ana dab da kunna koren fitila a zagayen ƙarshe tashar ta yanke don sallar magariba, ku kuma kuka wuce Harami? Kullum sai ya kalla, ya tambaye ni wa ya ci. Ni ina na sani?

Ka zo ka gan shi.

Ƙanwarka,
Hibatullahi

Yanbu

Hiba,

Wa alaikumus salam. Aiki da godiya. Allah ya ba shi lafiya.

Gasar tana intanet cikakkiya, na gan ta tuni. Tseren ko minti bai kai ba, mai sharhi ya fi injin ihu. Ki nema ki nuna masa, khalas. Abin dariya ne a ce mutumin da ya sayar mini da mota ina kwance ina jinyar hatsari a mustashfa, wai don kada in sake tsere, shi ne yau yake kallon tsere. Har yanzu abin yana min ciwo, ban ɓoye miki ba. Zuwa kuwa, matatar man da nake aiki ta shiga gyara, ba hutu.

Ki gaida shi.

Usama

Al-Khalidiyya

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na nemo, na kai masa. Ya ture wayar, ya ce ba za a kalli ƙarshe ba sai kana zaune, kada ka ce an yi maka maguɗi. Taurin kan nan dai ba daga ƙasa ka tsince shi ba.

Ga abin da ban faɗa maka ba. Duk sanda kaset ya kai wurin kiran sallar nan, ko da hantsi ne, sai ya miƙe ya yi alwala, ya ɗauki hularsa ya tsaya bakin ƙofa. Sai ya ce, "A kira Usama, za mu makara." Ina ce masa kana tafe. Yakan tsaya har ƙafarsa ta gaji, sannan in zaunar da shi. Na gaji da yi masa ƙarya, Yaya.

Wa ya ci ma tukuna? Ban kalla ba.

Hibatullahi

Yanbu

Hiba,

Sallama. Ba zan faɗa miki ba. Zan shigo Alhamis kafin magariba, in sha Allah. Ki mayar da kaset ɗin zuwa farkonsa, ki ajiye mini hula kusa da tasa.

Yayanki,
Usama