Na Wanke Maraƙar Gajera

Maigida,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kuma ciwon bayan nan ya bar ka. Mu nan lafiya lau, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Saniyarka Gajera ta haihu shekaranjiya da hantsi. Mace ce, wadda ka shekara uku kana jira. Amma ban ce ka yi murna ba tukuna. A cikin taɓon bayan shinge ta sauke ta, Babanka kuma yana ɗaki, ƙafarsa ta kumbura. Na ga 'yar abu tana rawar sanyi, laka har cikin kunne, tausayi ya kama ni. Na ɗauko ruwan ɗumi da sabulun wankana mai ƙamshi na wanke ta tas, na goge ta da tawul.

Da na mayar da ita, Gajera ta sunsuna ta sau ɗaya ta juya baya. Ashe ƙamshin jikin 'yarta na wanke. Maraƙar na nufar hantsa don ta sha nono, uwar ta sa ƙafa ta hamɓare ta. Ni kuma ta hana ni tatsa, ta ɓoye nonon. Ɗan abin da na samu nake ɗura wa maraƙar da cokali. Yau ko miƙewa ba ta iya yi.

Ban gaya wa Baba ba. Kullum ya tambaya sai in ce tana sha. Wallahi tsoro nake ji. Ka sha ce mini 'yar birni ina dariya, yau kam sunan ya bi ni.

Ka yi mana addu'a.

Taka,
'Yar Birni

Maigida,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, ga yadda aka ƙare.

Washegarin wasiƙata Baba ya ji kukan Gajera ya canja, ya dogara sanda ya fito. Ka san idonsa ya yi rauni. Ya durƙusa ya shafa maraƙar, ya kai tafinsa hanci. Sai ya ce, "Sabulun wa?" Na fashe da kuka na faɗa masa komai, har ƙaryar da na yi ta yi masa.

Bai yi faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya sa na kwaɓa dusa da gishiri da ɗan nonon da na tatsa, muka shafe maraƙar tun daga kai har wutsiya. Ya ce in ja baya, kada in yi motsi.

Gajera ta zo ta tsaya a kanta tana huci. Ta sunkuyar da ƙaho, na rufe ido. Da na buɗe, harshenta na kan wuyan 'yar. Gishirin take bi, amma da ya ƙare ba ta daina lasa ba. Muka ɗaga maraƙar muka tallabe ta, ta lalubi nono ta kama.

Baba ya daɗe a tsaye yana sauraren tsotson. Sannan ya ce mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, ta yi irin wannan wankan a shekarar da ya aure ta. Ka san ba ya ambatonta. Na ce to nata maraƙin ya rayu? Ya ce a'a, ya mutu, don ita sai da ta kwana huɗu kafin ta faɗa masa.

Ni kwana uku na yi, Maigida. Kuma ban faɗa ba, shi ya gane.

Ka gaida abokan aikinka. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
'Yar Birni