Na Tsaya wa Mai Aski

Ƙanena,

Bayan gaisuwa, ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, sai dai kuɗin rufin ɗakin Inna ba za su zo bana ba.

Mai askina ne zai kama sabon shago, mai ginin ya ce sai da wanda zai tsaya masa. Ina kan kujerar aski, ya riga ya cire mini tabarau, ya miƙo takarda: "Malam, cika ƙa'ida ne kawai." Ni da nake muku faɗan sa hannu ba karatu, na rattaba.

Wata biyar bai biya haya ba, ya kwashe kayansa ya gudu. Lauya ya karanta mini shafi na uku na takardar: hayar shekara biyu tana wuyana.

Ka shimfiɗa leda inda ɗakin yake yoyo. Kada ka gaya wa Inna dalili, har yanzu cewa take ɗanta ya fi kowa karatu.

Madubi kaɗai ya bari. Mai ginin ya ce in ɗauka, na ƙi. Ban shirya haɗa ido da mutumin cikinsa ba.

Allah ya rufa mana asiri.

Yayanka