Kyamarar da ke Jiran Murmushi

Assalamu alaikum, Ɗanjuma.

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yaran. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Bagwai alhamdulillahi, gero ya shiga rumbu.

Kyamarar da ka aiko ta iso, da saƙonka wai a ɗauko maka hotona ka rataye a falo. Ba ta fi sabulun wanka girma ba. Da ƙanwarka Saude ta kunna ta sai idonta ya leƙo kamar wuyan kunkuru. Daga ƙofar gida ta jawo mana hoton akuyar maƙwabci kusa tana cin harawata a bakin gona. Nan kam na yaba mata.

Amma wai an saita ta ba ta ɗauka sai ta ga murmushi. Saude ta zaunar da ni, ta ce, "Baba, ɗan yi dariya mana." Na ce, "Dariyar me? Albishir aka yi mini?" Innarku ta leƙo tana dariya, ƙyas, ta ɗauke ta. Ni kuwa muka zuba wa juna ido da abar har batirinta ya mutu.

Saude ta ce za ta canja saitin, na hana. Sallah nawa ke nan ba ka tako garin nan ba? In haƙorana kake son gani, ka zo da ƙafarka tun ina da su.

Ka sa mu a addu'a. Ka gaida yaran, su ba su yi mini laifi ba.

Mahaifinka.