Albarka Aka Ce In Sa

Wagini, bayan girbi.

Zuwa ga Musbahu, tashar Safana.

Assalamu alaikum. Ina gaida Bilkisu da yara, ya kuma wannan matsin rayuwa na ostarati da ya sa kowa gaba? Malam Jafaru na firamare ke riƙe da alƙalami, amma bakin nawa ne, na ce mashi kada ya sassauta ko kalma guda.

Shekarar da aka canza hannun tuƙi na sayi babbar motar nan, roka, ko gemu ba ka fara ba. Ta kwashi gyaɗar Karare, ta kwashi shanun Fulani zuwa kudu lokacin babban fari, ba ta taɓa kwana a daji da ni ba. Da idona ya mutu na danƙa maka ita. Yanzu an ce kana yawo da wani dillalin Funtua, wai za ka ba shi ita, ka ɗora mashi gonar uwarka, ya kawo maka sabuwa. Sabuwa ta ɗauki me? Gero bai yi ba, dawa ta bushe a tsaye. Kwana tara kake yi a layi kafin ka ga lodi. Gonar nan ita kaɗai Hassana ta bar maka, Allah ya jiƙanta. Ka bar mota yadda take.

Wassalam. Ubanka, Badamasi.

*

Safana.

Baba, ina yini, ya ƙarfin jiki, ya idon? Bilkisu na durƙusawa.

Baba, motar nan sitiyarinta a dama yake, 'yan kasuwa da sun hango ta sai su kau da kai. Sau biyu ta mutu mani a hanyar Dutsin-ma. Hatsin agaji da ƙaramar hukuma za ta raba kuwa, masu sabbin motoci kawai za a ba jigila. Na riga na ba dillali rokar. Nan da wata biyu tawa za ta iso daga Legas, zan kawo ta Wagini tare da shi, a miƙa gona gaban mai gari.

Ka yi haƙuri, zamanin gane mota da kunne ya wuce, yanzu takardu ake dubawa. Ranar nan albarka nake so ka sa, ba baki ba.

Ɗanka mai biyayya, Musbahu.

*

Wagini.

Musbahu, assalamu alaikum. Da fatan kun koma lafiya, kai da Amarya, don na ji haka yaran tasha suka sa wa motar suna.

Ranar Talata ka shigo gari kana danna ham, mata na guɗa. Tun kana gangaren rafi na ji ka sa giya biyu, na ji ta yi ɗan tarin nan nata. Na ce wa raina, Badamasi, tsufa ne. Da kuka tafi cin tuwo sai na lallaba na shige ƙarƙashinta, na bi ƙashin bayanta da hannu. Wajen tayar baya ta hagu na iske shi: bakin garma. Garmata ce. Shekarar da ƙarfen ya tsage da lodin gishiri, ni na kai wa Jinjiri mai walda, ya liƙa a wurin. Har ɗan gibin da dutse ya yi mata yana nan.

Kan motar suka canza, suka mai da sitiyari hagu, suka buga sabon katako, suka shafa fenti. Motarka ka saya, Musbahu, da gonar uwarka.

Na fito na kakkaɓe rigata. Mai gari ya ce, "Alhaji, akwai magana kafin a miƙa?" Na ce babu. Dillali ya ce, "Baba, ka ga ƙarfen Turawa ko?" Na ce ban gani ba, amma na shafa. Kuka yi dariya, kai ka fi kowa. Albarka aka ce in sa, na sa.

Ka duba takardunka ko sun rubuta garma.

Wassalam. Ubanka.

*

Safana.

Baba, ina kwana.

Na shiga ƙarƙashi, na gani. Na je Funtua, an ce dillalin ya tashi, ba wanda ya san inda ya nufa. Gonar ma tuni ya sayar wa wani. Ban iya gaya wa Bilkisu ba.

Kana tsaye a wurin, Baba. Kalma ɗaya ta isa.

Abu guda nake roƙo, don girman Allah. An sa sunana cikin masu jigilar hatsi saboda an ɗauka sabuwa ce. In maganar nan ta shiga tasha za su cire ni, kuma ba ni da abin da zan ciyar da yara sai wannan. Ka roƙi Malam Jafaru ya rufa mani asiri. Kai ma ka rufa.

Ɗanka, Musbahu.

*

Wagini.

Musbahu, wa alaikumus salam.

Malam Jafaru ya ajiye alƙalami sau biyu, ya ce ba zai rubuta wannan ba. Na ce to in nemi wani, masu sani su zama huɗu. Ya ɗauka.

Gonar nan ni da uwarka muka sassabe ta, tana da cikinka. Kada ka zaci kai kaɗai ka yi asara. Ban ci abincin kirki ba tun ranar.

Amma jiya a masallaci Usaini mai faci ya ce, "Alhaji, ashe ɗanka ya fi ka ido a mota." Mutane suka yi dariya. Shekara talatin ina riƙe da sitiyari, ba a taɓa yi mani haka ba, kuma ba zan shiga kabari da ita ba. Yara su zo nan, akwai sauran dawa a rumbu, Bilkisu ma ta zo. Kai ka ci takardu.

Gobe kasuwar Batsari. Da na yi asuba zan sa a ɗora ni a jaki zuwa tasha, in zauna bencin mai shayi kusa da sarkin tasha. Ka zo da Amarya da wuri, ka faka ta inda ƙasa take a bushe. Mutane da yawa za su kwanta ƙarƙashinta.

Wassalam. Badamasi.