Keken Ilu Da Ke Kan Teku

Zuwa ga Yaya Safiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da Malam da yara, Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafarta. Mu ma nan Guangzhou da sauƙi, sai zafi da ƙarancin baƙi, don tun da aka fara wasannin Olamfik biza ta yi wuya. Na yi ta neman wayarki ba ta shiga, shi ya sa na ba Alhaji Tankari wannan takarda tunda gobe zai taso.

Yaya, hankalina a tashe yake, kuma a kan keken da na saya wa ɗanki Ilu ne. Kin san ya dame ni da maganar keken hawa dutse, irin mai giya da sufirin. Ɗana Musaddiq ma ya ga ana tsere da su a talabijin, ya ce shi ma sai shi. Ya raka ni wani shago, ya zaɓi ɗaya, ya gwada birki, ya ɗaga ya dire, ya ce wannan ne zai jure gangara. Da na ji kuɗin na ce ba da ni ba. Na zage na yi ciniki irin namu na kasuwar Kwari, na raba kuɗin biyu, ina jiran mai shago ya ce albarka. Bai ce ba. Ya yi murmushi ya shiga sito, ya fito da guda biyu a kwali, launi ɗaya da wanda muka gani. Na fito ina yi wa Musaddiq gorin cewa boko daban, kasuwa daban. Ashe wasu a nan ba sa ƙin tayi, kayan suke sauya maka daidai kuɗinka.

Ranar Asabar Musaddiq ya bi abokan karatunsa wani dutse a bayan gari. Ya ce suna cikin gangarowa ya matsa birki ya ji wayam, kafin ya yi salati ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ya karye. Hular kwanon da wani ɗan ajinsu ya tilasta masa sawa ta rabe biyu. Allah ya sa da sauran kwana, kafaɗa ce ta goce, haƙora biyu suka fita.

To ɗayan keken yana cikin kwantenar da ta bar tashar jirgin ruwa ta Huangpu tun watan jiya, da sunan Ilu a jikin kwalin. Araha ba ta ado, Yaya. Na san Ilu, na san gangaren unguwarku a Jos, na kuma san ko hula ba ya sawa balle kwano. Yaron da yake taka birki da silifa, wa zai gaya masa ya bi a hankali? Don Allah kaya na isowa Malam ya karɓa da kansa. Kada a kulle a ɗaki, Ilu zai ɓalle kwaɗon, kuma kada a sayar wa ɗan wani. A kai wa masu walda su yanka shi gida biyu. Gara Ilu ya shekara ba ya gaishe ni.

Na san zai ce tsoro ne irin na mata. Shi ya sa na naɗe karyayyen ƙarfen a tsumma na haɗa wa Alhaji. Ki sa wa Ilu a hannu ya ga kaurinsa, bai fi gwangwanin madara ba. Jan da zai gani a bakin ƙarfen ba fenti ba ne, kuma da gangan ban wanke ba.

Ki gaishe min da Inna, da Malam, da Nana Hafsat da jaririnta. Ilu kuma ki ce masa ina gaishe shi, ko bai amsa ba.

Ƙanwarki,
Zalika