Ciwon Motar Kumandan Ba a Hanya Yake Ba

Zuwa ga Mushe Kumandan, Baturen da ke riƙe da ƙasar nan,

Gaisuwa da girmamawa, ranka ya daɗe. Ni ne Ɗan Jimma, direbanka. Sau uku na zo ƙofar bariki, sau uku tafinta yana kora ta, wai direba ba ya magana sai an kira shi. Shi ya sa na sa malam ya rubuta wannan, kuma za a karanta ta a kasuwar Filinge kowa ya ji.

Maganar wana ce, Arzika, wanda ka naɗa shugaban masu aikin hanya a ƙauyenmu, kan hanyar Damana. Yau kwanansa goma sha ɗaya a gidan kaso, don motarka tana karkarwa in ta yi gudu, ka ce bai daidaita hanyar ba. Ruwan shuka ya sauka shekaranjiya. Gonarsa ko rami ɗaya ba a sara ba, ga shi baki tara ke ci daga cikinta.

Na ɗaya. Karkarwar nan ba ta tashi sai na sakar wa motar gudu. In ina tafiya sannu, ko cikin ramuka ne, lafiya lau. Mummunar hanya kuwa ba ta jiran gudu, tun daga tashi take jijjiga mutum.

Na biyu. A hannuna nake jin ta, a sitiyari, wato ciwon yana gaba. Na kai motar fakon da ke bayan gari, inda ƙasa take sumul kamar daɓen ɗaki, babu ɗan aikin hanyar da ya taɓa taka wurin. Ta yi karkarwa har haƙorana suna haɗuwa.

Na uku. Na ɗaga gabanta, na juya ƙafar hagu da hannu, sai na ga tana layi. Sandunan da ke riƙe da ƙafar na itace ne, an sassaƙa su a ƙasarku mai sanyi. Zafin bazararmu ya busar da su, sun saki a gurbinsu. Kowace tsohuwa a ƙasarmu ta Kurfai ta san wannan ciwo a ƙotar gatarinta, ta kuma san jiƙawa ake yi. Na cire ƙafar na kwantar da ita wuni biyu a komin shayar da dabbobi. Makiyaya sun yi ta yi mini dariya, suna tambaya ko mota ma ƙishirwa take ji. Na mayar da ita, na koma fakon, na taka iyakar ƙarfinta. Tsit! Bayan kwana huɗu itacen ya sake bushewa, ciwon ya dawo.

Na huɗu, shi ne mai nauyi a bakina. Ranar da muke dawowa daga Damana, ka daka mini tsawa ka ce in faɗa maka, mota ce ko hanya. Na dubi bulalar gardi, dogarinka, na ce hanya ce. Ban duba ba, ban sani ba, tsoro ne kawai. Wallahi ban zaci a kan ɗan uwana za ta sauka ba. Matarsa Hajo ta tare ni a bakin rijiya, gaban mata, ta ce: "Kai ka san cikin ƙarhen nan. Mi ya hana ka hwaɗa musu gaskiya?" Na kasa ɗaga kaina, har yau kunyar tana cina. Amma kai ma, ranka ya daɗe, ba ka sa an duba komai ba. Kalma ɗaya ta matsoraci ta ishe ka ka kulle mutum.

Abin da nake roƙo: ka zo fakon nan da kanka, ka riƙe sitiyarin, ka ji da hannunka. Ka aika a kawo ƙafa ta ƙarfe. Gaba da komai, ka saki Arzika yau, don danshin ƙasar nan ba zai kai jibi ba.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka ji wannan da kunnen adalci. In kuwa dole sai wani ya kwana a kaso saboda motar nan, ga ni. Na san inda ƙofar take, zan kai kaina, ba sai ka aiko gardi ba.

Wassalam.

Ɗan Jimma, direba
Filinge